'Yan'uwa da Akwatin Lantarki: Kimiyyar da ke Cikin Kiɗan Disko da Elektiro

A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, kuma sau da yawa wa da ƙane ne ke riƙe da ita. Mutanen Zamfara ba sa buƙatar a je da nisa wajen neman misali. Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a shekarar 1991, ya daɗe yana kiɗan kotso tare da wansa Kurna a fadar Maradun kafin ya kafa tasa ƙungiyar. Irin wannan ƙungiya tana buƙatar jama'a: ga jagora, ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga sanƙira. A yau kuwa, duk wanda ya halarci biki a Damba ko Tsafe ko Bunguɗu zai iya tarar da saurayi ɗaya tak da fiyano ko kwamfuta, yana fitar da amon da a da sai mutum goma suke iya fitarwa. Ta yaya aka yi haka ta faru? Wani ɓangare na amsar yana cikin tarihin wasu 'yan'uwa da suka yi aikin tsara kiɗa a Amurka da Italiya a ƙarshen shekarun 1970 da farkon shekarun 1980, sauran kuma yana cikin darasin Fiziks da ake koyarwa a makarantunmu na sakandare.

Wane ne mai tsara kiɗa?

Mai tsara kiɗa, wato furodusa, shi ne ke tsaye a kan aikin ɗaukar waƙa a situdiyo. Shi ke zaɓen mawaƙi da makaɗa, shi ke yanke shawarar saurin kiɗa da irin amon da za a ji, sa'an nan ya haɗa sassan da aka ɗauka daban-daban su zama abu guda. A shekarun 1970 manyan situdiyoyi suna amfani da tef mai faɗin inci 2 wanda ke ɗauke da layi 24. Ana iya ɗaukar ganga a layi ɗaya, jita a wani, murya a wani, a ranaku mabambanta. Saboda haka aikin furodusa rabinsa fasaha ne, rabinsa injiniyanci. Yana kuma buƙatar amana, domin akwai kuɗi da haƙƙin mallaka a ciki, kuma ana kwana ana hira a kan abu guda. Ba mamaki da 'yan'uwa na jini suka yi fice a wannan fage, tunda masu iya magana sun ce ɗan'uwa rabin jiki.

Tagwayen Harlem

Albert da Arthur Allen tagwaye ne da suka tashi a unguwar Harlem ta birnin Niyok. Daga baya suka koma amsa sunayen Taharqa Aleem da Tunde Ra Aleem. A shekarun 1960 sun yi abota da shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix, har suka yi masa amshi da sunan Ghetto Fighters. Ana jin muryoyinsu a faifan The Cry of Love, wanda ya fito a 1971 bayan rasuwar Hendrix a 1970. Zaman da suka yi da shi ya nuna musu yadda ake sarrafa sauti a situdiyo.

A ƙarshen shekarun 1970 suka kafa ƙaramin kamfaninsu na faifai mai suna NIA. Da sunan Fantastic Aleems suka fitar da waƙar disko "Hooked on Your Love", tare da mawaƙi Leroy Burgess. To, amma a daidai wannan lokaci kasuwar disko ta fara rugujewa a Amurka. A ranar 12 ga Yuli, 1979, an yi wani gangami a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, inda aka tarwatsa tarin faifayen disko a gaban dubban 'yan kallo. Manyan kamfanoni suka ja da baya. Kiɗan disko na wancan zamani yana cin kuɗi ainun, domin akan ɗauko masu goge irin na Turawa da masu bushe-bushe da makaɗa masu yawa. Ƙaramin kamfani ba zai iya biyan wannan runduna ba.

Mafita ta zo daga na'urori. Cikin 'yan shekaru amon faifayen tagwayen ya koma na lantarki. Sun tsara wa mawaƙin da ake kira Captain Rock faifaye a farkon shekarun 1980, sun fitar da tasu waƙar "Release Yourself" a 1984, kuma a kamfaninsu ne Marley Marl da MC Shan suka fitar da "Marley Marl Scratch" a 1985, wadda take cikin tarihin kiɗan hip-hop. A 1986 babban kamfanin Atlantic ya fitar da kundinsu Casually Formal. Tunde Ra ya rasu a 2014.

Daga Sisili zuwa Boston

A Italiya akwai Carmelo da Michelangelo La Bionda, waɗanda aka haifa a tsibirin Sisili, suka girma a Milan. Sun yi aiki a birnin Munik na Jamus, cibiyar disko ta Turai a wancan lokaci, inda Giorgio Moroder ya tsara wa Donna Summer waƙar "I Feel Love" a 1977, wadda kusan dukkan kiɗanta daga na'urar Moog ya fito. 'Yan'uwan biyu sun yi suna da "One for You, One for Me" a 1978, kuma su ne suka tsara wa ƙungiyar Righeira waƙar "Vamos a la playa" a 1983. Ana lissafa su cikin waɗanda suka aza harsashin diskon Italiya. Ribar da suka samu suka zuba wajen buɗe Logic Studios a Milan. Carmelo ya rasu a 2022.

A Boston kuma akwai Michael Jonzun da ɗan'uwansa Maurice Starr. Ƙungiyar Jonzun Crew ta fitar da "Pack Jam" a 1982, da murya irin ta mutum-mutumi, sa'an nan a 1983 'yan'uwan suka tsara wa samarin New Edition waƙar "Candy Girl". Idan aka dubi waɗannan gidaje uku za a ga abu ɗaya: mutum biyu da suka fahimci na'ura sun iya ɗaukar nauyin da a da sai babbar ƙungiya. Bari mu leƙa cikin na'urorin.

Mene ne sauti?

Sauti karkarwa ce da ke tafiya cikin iska. Idan makaɗi ya bugi fatar kalangu, fatar tana motsi gaba da baya, tana matse iska tana saki, har motsin ya iso dodon kunne. Ana auna yawan karkarwar da ake yi a sakan ɗaya da ma'aunin Hertz, wanda aka sa wa sunan masanin Fiziks Bajamushe Heinrich Hertz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sauti daga kimanin Hertz 20 zuwa 20,000. Karkarwa mai yawa tana ba da siririn sauti, mai kaɗan kuma tana ba da kakkaura. Wannan ne sirrin kalangu: idan makaɗi ya matse tsarkiya a hammatarsa fata tana ƙara ɗamewa, karkarwa ta ƙaru, amo ya tashi, idan ya sassauta amo ya sauka. Da haka kalangu ke kwaikwayon karin sautin Hausa har a ce yana magana.

Na'urar ƙirƙirar sauti

Na'urar da ake kira sintesaiza, wadda Robert Moog ya fara nuna irin tasa a 1964, ba ta da fata ko tsarkiya. A cikinta akwai da'irar lantarki mai suna osileta, wadda ke sa ƙarfin wuta ya riƙa hawa da sauka sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan. Idan aka tura wannan wuta zuwa lasifika, sai takardar lasifikar ta yi karkarwa daidai da ita, sauti ya fito. Bayan osileta akwai matata, wadda aikinta ya yi kama da na rariya: tana barin wasu karkarwa su wuce, ta tare wasu. Akwai kuma sashen da ke tsara yadda sauti zai tashi da yadda zai mutu. Amon goge yana tashi a hankali ya daɗe, amon kotso kuwa yana tashi farat ɗaya ya ɓace. Da waɗannan sassa uku ake iya kwaikwayon kayan kiɗa iri-iri, ko a ƙirƙiro amon da kunne bai taɓa ji ba.

Gangar da ba ta gajiya

A 1980 kamfanin Roland na Japan ya fitar da na'urar ganga mai suna TR-808 a kan dala 1,195. An ƙera kimanin guda 12,000 kafin a daina yin ta a 1983. Da farko ba ta samu karɓuwa ba, domin amonta bai yi kama da na gangar gaske ba. Amma rashin tsadarta ya sa ta faɗa hannun matasa, kuma da ita aka yi "Planet Rock" ta Afrika Bambaataa a 1982, waƙar da ake ɗauka tushen kiɗan elektiro.

A gaban na'urar akwai maɓalli 16, kowanne yana wakiltar yanki ɗaya na zagayen kiɗa. Ga lissafin da ɗalibi zai iya gwadawa. Kiɗan disko yakan yi kimanin bugu 120 a minti, wato bugu ɗaya a kowane rabin sakan. Zagaye mai bugu 4 zai ɗauki sakan 2. Idan aka raba sakan 2 gida 16, kowane maɓalli zai samu sakan 0.125. Mai tsara kiɗa zai danna maɓallan da yake son ganga ta faɗa a kansu, na'ura kuma ta yi ta maimaitawa ba kuskure.

Babbar gangar TR-808 tana ba da kakkauran sauti na kusan Hertz 50. Sauti yana gudun kimanin mita 343 a sakan cikin iska mai matsakaicin ɗumi. Idan aka raba 343 da 50 za a samu kusan mita 7, wanda shi ne tsawon igiyar wannan sauti. Doguwar igiya irin wannan tana kewaye gine-gine, kuma bango ba ya tare ta kamar yadda yake tare siririn sauti. Shi ya sa idan ana biki a wata unguwa da dare, dukan ganga ne ke isowa ɗakinka, muryar mawaƙi kuwa ta tsaya a hanya.

Muryar mutum-mutumi

Na'urar bokoda, wadda Jonzun Crew suka yi suna da ita, ba don kiɗa aka ƙera ta ba. Injiniya Homer Dudley ne ya ƙirƙiro ta a ɗakunan bincike na Bell a shekarun 1930, don rage nauyin magana a wayar tarho, kuma an yi amfani da fasaharta wajen ɓoye hirar shugabanni a Yaƙin Duniya na Biyu. Tana rarraba muryar mutum zuwa sassa gwargwadon yawan karkarwa, ta auna ƙarfin kowane sashe, sa'an nan ta ɗora wannan tsari a kan amon sintesaiza. Abin da ke fitowa shi ne na'ura mai furta kalmomi.

Yadda abin ya iso gare mu

Yankinmu bai zama ɗan kallo ba. A Nijar, Mamman Sani Abdoulaye ya mallaki fiyanon lantarki ƙirar Orla ta Italiya a shekarun 1970, ya ɗauki kaset a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978. An daɗe ana sa kiɗansa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da aikin ga duniya. A Inugu, William Onyeabor ya gina situdiyonsa, ya fitar da faifaye masu amon sintesaiza daga 1977 zuwa 1985. A Kano kuma, daga tsakiyar shekarun 1990 fiyanon Yamaha ya zama ƙashin bayan waƙoƙin finafinan Hausa. Tsarin MIDI, wanda kamfanoni suka amince da shi a 1983 don na'urorin kiɗa su riƙa aika wa juna umarni, shi ne har yanzu ke haɗa fiyano da kwamfuta a situdiyo.

Wannan ci gaba yana da farashi. Duk bikin da aka kira mai fiyano, akwai yiwuwar an bar mai kalangu a gida, kuma amon da ke zuwa cikin fiyano an tsara shi ne bisa kayan kiɗan wasu al'ummomi. Idan ba a samu masu ilimin da za su ɗauki amon kotso da taushi da kurya su adana, su nazarce shi, su shigar da shi cikin na'ura ba, jikokin Ɗankwairo za su riƙa sayen amo daga waje alhali nasu yana ɓacewa.

Kira ga ɗalibai da malamai

Malamin Fiziks ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada don ya koyar da wannan darasi. A kafa ƙusa biyu a jikin katako, a ɗaura siririyar waya a tsakaninsu, a fizge ta a saurara. Sai a sa ɗan itace a daidai tsakiyar wayar, a fizgi rabi ɗaya. Karkarwa za ta ninka sau biyu, kuma kunne zai ji amon ya haura. Akwai manhajojin wayar hannu na kyauta da ke nuna adadin Hertz, waɗanda za su tabbatar da lissafin. Haka nan ana iya gayyatar makaɗin kalangu zuwa aji, a auna amonsa lokacin matsewa da lokacin sassautawa, ɗalibai su rubuta alƙaluman su zana jadawali.

Tagwayen Harlem da 'yan'uwan Milan da na Boston sun samu abin da suka samu ne domin sun koyi yadda na'ura ke aiki, sun riƙe amanar juna, kuma wasunsu sun mallaki kamfani ko situdiyo na kansu. Ɗalibin da ke sakandare a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu yana da Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha a Gusau, yana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, kuma wayar da ke aljihun yayansa ta fi dukkan na'urorin situdiyon 1982 ƙarfin lissafi. Abin da ya rage shi ne ya riƙe Lissafi da Fiziks da kyau, ya kuma buɗe kunne ga kiɗan gidansu, domin amfanin ilimi aiki da shi.