Yamai: Shirye-Shiryen Da Ke Koya Wa 'Yan Mata Buɗe Baki Su Faɗi Abin Da Ke Ransu

Duk wanda ya san birnin Yamai ya san fada. Daga Boukoki zuwa Talladjé, daga Yantala zuwa Harobanda, da la'asar ta yi samari kan fito da benci da butar shayi su kafa majalisa a bakin titi. A nan suke gardamar siyasa da ƙwallo, a nan suke jin labarin aiki, a nan ne kuma yaro ke koyon yadda zai kare maganarsa a gaban tsaransa.

'Yan mata ba su da irin wannan wuri. Yarinyar da ba ta zuwa makaranta ranarta kan ƙare ne tsakanin wanke-wanke, rainon ƙanne, talla ko aikatau a gidan wasu. Idan aka zo yanke shawara a kan rayuwarta, sau da yawa ita ce ta ƙarshe da za ta ji.

Wannan giɓi ne wasu shirye-shirye suka shafe fiye da shekara goma suna ƙoƙarin cikewa a Nijar, ta hanyar ware wa 'yan mata wurin taruwa na kansu, inda za su koyi karatu, su san jikinsu, su kuma saba da yin magana ba tare da fargaba ba.

Abin da alƙaluma ke cewa

Binciken lafiya da yawan jama'a na shekarar 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su kai 15. Wannan ne ya sa ƙasar ke kan gaba a duniya wajen auren wuri. A jihar Maradi adadin ya kusa kashi 90, yayin da a Yamai ya tsaya kusan kashi ɗaya cikin uku. Kundin dokokin zamantakewa na ƙasar ya amince a aurar da yarinya tun tana da shekara 15, namiji kuwa sai ya kai 18.

Ƙarancin adadin na Yamai kan ɓoye wani abu. Birnin na karɓar 'yan mata daga karkara da ke zuwa aikatau, kuma unguwannin gefen gari cike suke da waɗanda suka bar makaranta tun a firamare. Irin waɗannan yara ba sa cikin rajistar kowace makaranta, don haka duk wani taimako da ke bi ta aji ba ya isa gare su.

Shirin Illimin

Mafi shahara cikin waɗannan shirye-shirye shi ne Illimin, wanda Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya fara a 2013 tare da ma'aikatar da ke kula da ci gaban mata da kare yara. An tsara shi ne domin 'yan mata masu shekara 10 zuwa 19 da ba sa makaranta, masu aure da marasa aure.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Ana tara 'yan matan unguwa ko ƙauye rukuni-rukuni, su riƙa haɗuwa a kai a kai na tsawon watanni a wurin da iyaye suka amince da shi. Kowane rukuni yana da jagora mace da aka zaɓa daga cikin al'ummar, wadda ke jin harshen yaran, Hausa ko Zabarmanci ko wani. Darussan sun haɗa da yaƙi da jahilci, tsabta da lafiyar jiki, jinin al'ada, haɗarin ɗaukar ciki da ƙuruciya, tattalin kuɗi, da kuma haƙƙoƙin yarinya.

Yarda da kai na zuwa ne ta ƙananan abubuwa: yarinya ta miƙe ta faɗi sunanta da ƙarfi a gaban 'yan uwanta, ta rubuta shi da hannunta, ta yi tambaya a kan abin da take jin nauyin tambayar mahaifiyarta. Masu tsara irin waɗannan darussa kan yi amfani da wasan kwaikwayo, inda wata za ta fito a matsayin uba, wata a matsayin 'ya, a gwada yadda za a nemi a jinkirta aure cikin ladabi. Yarinyar da ta taɓa furta maganar a gaban ƙawayenta ta fi kusa da iya furta ta a gida.

A 2015 Bankin Duniya ya ƙaddamar da shirin SWEDD a ƙasashen Sahel shida, ciki har da Nijar, shi ma ya ɗauki wannan salo na wuraren taruwar 'yan mata. Dabarar ta daɗe da samun gindin zama a wasu wurare. An gwada ta a yankin Amhara na ƙasar Habasha a ƙarƙashin shirin Berhane Hewan, haka nan a Zariya, cibiyar Centre for Girls Education ta shafe shekaru tana gudanar da irin wannan zama a ƙauyukan da ke kewaye da birnin.

Tsakanin kunya da rashin murya

Babban abin da ke sa iyaye ɗari-ɗari shi ne tsoron kada a koya wa 'ya'yansu fitsara. A al'adar Hausa da ta Zabarmawa, kunya ado ce ga 'ya mace, kuma yarinyar da ke mayar wa manya magana ana ganin tarbiyyarta da saura. Wannan damuwa tana da nauyi har a siyasa. A 2012 wani ƙudurin doka kan kare 'yan matan da ke makaranta ya gamu da adawar ƙungiyoyin addini, bai samu wucewa a majalisar dokoki ba. Sai a watan Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta shugaban ƙasa kan karewa da tallafa wa yarinya mai karatu, ita ma ba ta taɓa shekarun aure ba.

Saboda haka shirye-shiryen da suka ɗore su ne waɗanda suka fara da ƙofar gida. Jagororin Illimin kan ziyarci iyaye, ana kuma shirya zaman tattaunawa da masu unguwanni, sarakunan gargajiya da malamai. Saƙon da ake kai musu shi ne, yarinya za ta iya riƙe kunyarta kuma ta iya gaya wa likita inda ke mata ciwo, ta ƙirga canjinta a kasuwa, ta kai ƙarar wanda ya tare ta a hanya. Shirun da ke hana ta waɗannan abubuwa shi ne ake son kawarwa.

Nijar na da tarihi a wannan fanni na jawo maza cikin magana. A jihar Damagaram ne aka fara makarantun mazaje a 2008, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu, daga baya tsarin ya bazu zuwa wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Murya ba ta isa sai da abin hannu

Darasin da matan Nijar suka daɗe da sani shi ne, wadda ba ta da ko dala a hannu maganarta ba ta da ƙarfi a gida. Tun a 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi, wanda ya ginu a kan adashin gargajiya, kuma yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. Shi ya sa ake haɗa darussan 'yan mata da koyon ajiya da sana'a irin su ɗinki da haɗa sabulu.

A nan ne kuma raunin shirye-shiryen yake. Zaman na watanni ne, talaucin gida kuwa yana nan bayan an watse. Yarinyar da ta koyi ɗinki ba ta da keke, ko wadda take son komawa aji amma babu kuɗin littafi, za ta iya komawa inda ta fito, sai dai yanzu ta san abin da ta rasa. Tsohon shugaban ƙasa Mohamed Bazoum ya sa gina makarantun kwana na 'yan mata a sahun gaba na manufofinsa, kuma a zamaninsa ne Yamai ta karɓi baƙuncin taron ƙoli na uku na 'yan matan Afirka a watan Nuwamban 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙasashen Yamma da dama sun dakatar da tallafinsu, sannan a 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID. Duk aikin da ya dogara kacokan da kuɗin waje ya shiga halin rashin tabbas.

Abin koyi na gida

Ba sai an je nesa ba kafin a nuna wa yarinya 'yar Yamai abin koyi. A ranar 13 ga Mayun 1991 dubban mata suka yi maci a birnin domin nuna rashin amincewa da yadda aka ba su kujera ɗaya tak a kwamitin shirya babban taron ƙasa. An ƙara musu wakilai, kuma ranar ta zama ranar matan Nijar da ake bikinta duk shekara. Akwai Mariama Keïta, mace ta farko 'yar jarida a ƙasar, da Ouma Laouali, wadda a 2015 ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin sama a rundunar sojin Nijar. Akwai Fadji Maina 'yar Damagaram, masaniyar kimiyyar ruwa da ta kai ga aiki da hukumar NASA ta Amurka, da Aminatou Seyni da ta zo ta huɗu a tseren mita 200 a gasar duniya ta 2022.

Abin da ake buƙata domin buɗe wurin taruwa bai taka kara ya karya ba: rumfa ko aji bayan an tashi makaranta, allo, da mace mai mutunci da iyaye suka yarda da ita, wadda za a riƙa ba ta ɗan alawus. Ƙungiyoyin matasa na unguwanni da 'yan Nijar mazauna Kwatano, Abidjan, Legas ko Faransa, waɗanda suka saba haɗa kuɗi domin gina masallaci ko haƙa rijiya a garuruwansu, suna da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Idan tallafin waje ya ci gaba da ja da baya, su ne za su yanke ko ƙannensu mata za su samu wurin zama irin wanda samari ke da shi a fada.