Ƴan sandan birnin Damagaram

A Alakos, in rigima ta tashi a bakin rijiya, mai gari ake kira. In ta fi ƙarfinsa, a kai wa sarki. In jini ya zuba, sai jandarmomi su zo. A Damagaram abin ya sha bamban. Mutane sun yi yawa, baƙi suna shiga dare da rana, mai unguwa bai san kowa da kowa ba. Shi ya sa birni yake da ƴan sanda.

Amma ba su suka fara aikin ba. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, dogarai ne masu tsaro. Su ke gadin fada, su ke kamo mai laifi, su ke yi masa horon da sarki ya yanke. Har yau suna nan a ƙofar fada da jan rawaninsu, amma iko ya bar hannunsu.

A shekara ta 1899 Faransawa suka ci Damagaram. Daga 1911 zuwa 1926 nan ne babban birnin ƙasa, kafin a koma Yamai. Nasara ya ɗauki nasa masu tsaro, ana ce musu gardi. Gardi ne ke bin ƙauyuka neman haraji, shi ke tara maza aikin dole, har aka hana aikin dole a 1946. Tsofaffi ba su manta bulalarsa ba. Watakila daga nan ne wasunmu suka gaji gudu in sun ga kaki.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, ƴan sanda suka zama ma'aikatan gwamnatin Nijar. Ofishinsu shi ne komisariya, shugabanta kuwa komisar. Suna tsayawa a mararraba su ba motoci da babura hannu. Suna zagaya Zango da Kasuwar Dole saboda masu yankan aljihu. Yaron da ya ɓata a tasha, can ake kai shi har iyayensa su zo.

Ku lura da wannan, yara: ɗan sanda ba alƙali ba ne. Yana kama wanda ake tuhuma, ya yi bincike, ya rubuta abin da ya gano. Yanke hukunci kuwa aikin kotu ne. Mai neman ƴan sanda da gaggawa, lamba 17 yake bugawa a waya.