Ambaliya Ba Ta Sallama

A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar 10 ga wata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri jama'a na barci. Ba farau ba ne, domin a 1994 ma madatsar ta yi wa garin irin wannan ɓarna. A Mokwa ta jihar Neja kuwa, a ƙarshen Mayun 2025, da asubahi ruwan ya zo. Wanda ya farka ya ji ƙafarsa tsamo-tsamo cikin ruwa a tsakar ɗaki, abin da zai iya ɗauka bai wuce yaro da jaka ɗaya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun da rani ake haɗa jakar nan.

Takardu ne kan gaba: na fili, na makaranta, na haihuwa, da katin ɗan ƙasa. A naɗe su cikin leda biyu a ƙulle tam, a kuma ɗauki hotonsu da waya a tura wa ɗan'uwa a wani gari. Katifa in ta jiƙe rana za ta busar da ita, amma takardar gida in ta narke, sai an yi shekaru ana zarya a ofis-ofis. Sai cocila, ashana, maganin mai hawan jini ko ciwon suga, ɗan garin kwaki da ƙuli-ƙuli, da 'yan kuɗi a hannu, don ranar da sabis ya ɗauke katin banki ba ya sayen ko burodi. A rataye jakar a ƙusa bakin ƙofa. Ƙarƙashin gado, inda muka saba ɓoyo, nan ruwa ke fara isa.

Abin da muka fi sakaci da shi kuwa ko kwabo ba ya ci: zama a yi magana. Wa zai goya wa? Wa zai kama hannun tsohuwa? Wa zai kwance awaki daga turke? In an rarrabu, a wane tudu ko masallaci za a haɗu? Maigida kuma ya faɗa wa iyalinsa ƙarara tun yau cewa in ruwa ya shigo ba ya nan, su fita, kada su tsaya jiran izini.

Bayan ruwa ya janye sai kwalara ta biyo, saboda masai ya haɗe da rijiya. A tafasa ruwan sha. Mai gudawa a dama masa ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi ana hanyar asibiti.

Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina kowace shekara, lambar agajin gaggawa a Nijeriya kuma ita ce 112. Malam, kafin ruwan fari ya sauka, a yashe kwatar ƙofar gida, a sake wa katanga yaɓe, a gyara indararo.