Taimakon gaggawa ga zomo da ɓeran Masar a gida

A unguwannin da ke kudu da kogin Kaduna, kamar Kakuri da Makera da Barnawa da Sabon Tasha, kiwon ƙananan dabbobi a bayan ɗaki ba baƙon abu ba ne. Inda fili bai isa a ɗaure akuya ba, keji ɗaya na zomaye ko na ɓeran Masar yana samun wurin zama, kuma sau da yawa yara ne ke kula da shi.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin dangin ɓera da Turawa ke kira hamsta, wanda ba a san shi sosai ba a arewacin Najeriya, amma ana ajiye shi a gidaje da dama a ƙasashen Turai da Amurka. Asalinsa daga ƙasar Siriya ne, inda aka kamo wata uwa da 'ya'yanta kusa da birnin Halab a shekarar 1930, kuma daga zuriyarsu ne akasarin waɗanda ake kiwo suka fito.

Dabbobin nan uku sun yi tarayya a abu guda: suna ɓoye ciwo. A daji, duk wanda ya nuna rauni shi ne abincin shaho, saboda haka kafin mai kiwo ya lura da cewa akwai matsala, yawanci ciwon ya riga ya yi nisa. Likitocin dabbobi na cewa abubuwa biyu ne suka fi janyo asara a irin wannan hali, wato jinkiri da kuma ba da maganin da bai dace ba.

Maganin mutane na iya zama guba

Al'ada ce a gidaje da yawa, idan kaza ko akuya ta yi rashin lafiya, a sayo kafso a kemis a farke shi a zuba mata a ruwa. Yin haka ga zomo ko ɓeran Masar ko hamsta na iya zama ajalinsa.

Dalili kuwa shi ne, waɗannan dabbobi sun dogara ne da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsu wajen narkar da abinci. Magungunan dangin penisilin, irin su amoksisilin da ampisilin da Ampiclox, idan aka ba su ta baki, suna kashe masu amfanin, sai masu cutarwa su yi yawa su saki dafi. Abin da ke biyo baya shi ne zawo mai tsanani, sannan mutuwa cikin 'yan kwanaki.

Haka nan ba a ba su farasitamol ko wani maganin ciwon jiki na mutane bisa ƙiyasi. Hamsta babba nauyinsa bai wuce giram 100 zuwa 150 ba, don haka ɓarin ƙwaya ɗaya ya ninka abin da jikinsa zai iya ɗauka sau da yawa.

Zafin bazara

A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a Kaduna kan haura digiri 35 a ma'aunin Selshiyas, kuma kejin da aka rufe da kwano ya fi haka zafi. Zomo kuwa yakan fara galabaita da zarar zafi ya kai digiri 30, domin ba ya yin gumi kamar mutum. Ta kunnuwansa yake fitar da zafin jikinsa.

Alamun bugun zafi su ne kwanciya a miƙe, da numfashi da sauri, da jiƙewar hanci da baki, da kunnuwa masu zafi. Zomo ta hanci yake numfashi, saboda haka idan aka ga ya buɗe baki yana haki, to ransa na cikin haɗari.

Abin da za a fara yi shi ne a mayar da shi inuwa, wurin da iska ke shiga. A jiƙa tsumma da ruwan randa a shafa masa a kunnuwa da ƙafafu, a riƙa yi masa fifita, a ajiye ruwan sha a gabansa. Kada a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara, domin sanyi na farat ɗaya na iya sa jikinsa ya kasa ɗauka. Kada kuma a ɗura masa ruwa idan ba ya iya haɗiya, don zai shiga huhunsa.

Rigakafi a nan yana da sauƙi: a ajiye keji a ƙarƙashin bishiya, a shimfiɗa zana ko jiƙaƙƙen buhu a kan rufin, kuma kada ruwan sha ya yanke.

Idan ya daina cin abinci

Cikin zomo da na ɓeran Masar ba ya hutawa, dole ne ciyawa ta riƙa ratsa shi dare da rana. Idan dabbar ta yi awa 12 ba ta ci ba, ko ba ta yi kashi ba, hanjinta ya fara tsayawa ke nan, kuma ba abin da za a bari sai gobe ba ne.

A ba ta ɗanyen ganye mai tsabta wanda ta saba ci, da harawa, da ruwa. Idan ta ƙi sha, a ɗebi ruwa a sirinji marar allura, a ɗiga mata kaɗan-kaɗan ta gefen baki, ana jira ta haɗiye. Amma idan ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, kada a matsa shi, kada kuma a ɗura mata komai. Wannan aikin likita ne, kuma cikin gaggawa.

Yawan dusa da hatsi tare da ƙarancin ciyawa na daga cikin manyan abubuwan da ke haddasa wannan matsala. Haka ma tsawon haƙori, domin haƙoransu ba sa daina girma, tauna ciyawa ce ke rage su.

Shi ɓeran Masar yana da wata buƙata ta daban. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya samar da sinadarin bitamin C, sai dai ya samu daga abinci. Rashinsa na kawo ɗingishi da kumburin gaɓoɓi da zubar jini a dasashi. Yankan tattasai ko na gwaba da ɗanyen ganye a kullum suna taimakawa wajen hana hakan.

Zawo

Zawo mai ruwa-ruwa ya fi kama 'ya'yan zomaye bayan yaye, musamman da damina idan ƙasan keji ya jiƙe. A wajen hamsta akwai wani nau'in zawo da ke jiƙe wutsiya da gindi, wanda ke kama ƙanana, kuma yana iya kisa cikin kwana biyu.

A ware marar lafiyan daga sauran, a goge masa gindi da ruwan ɗumi, a tsane shi, a kwantar da shi a busasshen wuri. Ana iya ɗiga masa ruwan gishiri da sukari irin wanda ake ba yara, kafin a isa wurin likita.

Sai dai a lura, zomo na yin wani kashi mai laushi a cure, yawanci da daddare, wanda yake sake cinyewa. Wannan halittarsa ce, ba ciwo ba ne.

Rauni da karaya

Jinin da ke jikin hamsta gaba ɗaya bai wuce cikin ƙaramin cokali biyu ba, don haka ɗigon da mutum zai raina babbar asara ce a gare shi. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta na 'yan mintoci ba tare da ɗagawa ba. Idan ya tsaya, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, wanda aka sa wa gishiri ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita.

Cizon kyanwa ko na kare yana buƙatar likita ko da raunin ƙarami ne, domin haƙori na shigar da ƙwayoyin cuta can cikin nama. Da damina kuma ƙudaje kan yi ƙwai a kan rauni ko a gashin da ya ɓaci da kashi, kuma tsutsa na iya fitowa cikin kwana ɗaya.

Ɗaukar zomo ta kunnuwa, kamar yadda aka saba gani a kasuwa, yana cutar da shi, kuma idan ya yi harbi da ƙafafun baya zai iya karya ƙashin bayansa. Hanyar da ta dace ita ce a sa hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya kuma ya tallafi gindi. Idan aka ga yana jan ƙafa bayan ya faɗi, kada a yi masa ɗori a gida. A sa shi cikin ƙaramin kwali da aka shimfiɗa wa tsumma, domin ya rage motsi.

Shafa baƙin mai ko kananzir a kan ƙazuwa ko ɓawon kunne shi ma kuskure ne, tun da dabbar za ta lashe shi.

Guba da annoba

Fiya-fiya da Sniper da maganin ɓera na cikin abubuwan da ke hallaka dabbobin gida, haka ma ciyawar da aka yanko daga gonar da aka yi wa feshi. Alamun sun haɗa da dalalar miyau da karkarwa da farfaɗiya. Zomo ba ya iya yin amai, saboda haka ɗura masa manja ko madara ba zai fitar da gubar ba. A fitar da shi iska, a ɗauki kwalbar abin da ake zargi a tafi da ita wurin likita.

Wasu kan yi hanzarin yanka zomo kafin ya zama mushe. Idan guba ce ta kama shi, ko kuma bai daɗe da shan magani ba, cin namansa haɗari ne ga iyali.

Idan kuma zomaye suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da doguwar jinya ba, wani lokaci da jini a hanci, to ana zargin annobar zubar jini ta zomaye. An fara gano cutar a ƙasar Sin a shekarar 1984, wani sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, sannan a 2020 aka tabbatar da ita a Najeriya, a jihohin Kwara da Oyo. Ba ta kama mutane, amma ba ta da magani, kuma ƙwayar na daɗewa a keji da takalma da kwanon abinci. A binne gawar a rami mai zurfi, a daina sayarwa ko ba da aron zomaye, a sanar da jami'an lafiyar dabbobi. Duk sabon zomon da aka sayo, a ware shi na aƙalla mako biyu.

Zuwa wurin likita

Taimakon gida ba ya maye gurbin likita, yana dai sa dabbar ta kai wurinsa da rai. A ɗauke ta a kwali mai ƙofofin iska, ba a buhu ko leda ko bayan mota ba, a kuma kare ta daga rana a hanya. A gaya wa likita abin da ta ci, da lokacin da ta yi kashi na ƙarshe, da duk wani magani da aka ba ta.

Ban da asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu da ke cikin garin Kaduna, akwai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, kimanin kilomita 80 daga Kaduna. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato ita ce ke gwaje-gwajen tabbatar da annoba.

Su ma masu kiwo akwai abin da za su kiyaye don lafiyarsu. Yara su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa dabba ko sun share keji, mata masu ciki kuma su nisanci shara da fitsarin hamsta, saboda wata ƙwayar cuta da kan yi wa ɗan tayi illa. Dusa da hatsi a rufe su a mazubi mai murfi, domin abincin da aka bari a buɗe na janyo ɓerayen waje, ciki har da irin wanda ke yaɗa zazzaɓin Lassa.