Aku, Baki Shi Ke Yanka Wuya

An ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. To, banda aku. Ka shiga wani gida a New Bell, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a birnin Duwala na Kamaru, sai ka ji an amsa maka sallama daga cikin keji, ko a kwaikwayi ƙarar wayar maigida har ya kai hannu aljihu. Jikin akun ruwan toka ne, fuska fara, wutsiya ja wur. Miƙa masa gyaɗa ka sha kallo: zai riƙe ta da ƙafa ɗaya, yatsu biyu gaba biyu baya, ya kai ta baki ya ɓare, ya tofar da ɓawon, yana karkata kai yana dubanka da ido ɗaya.

Hausawa ba su taɓa raina hankalinsa ba. Abubakar Imam wazirci ya ba shi a Magana Jari Ce, kuma bai yi zuƙu ba. A Amurka, Irene Pepperberg ta shafe shekara 30 tana nazarin wani aku mai suna Alex, wanda kafin mutuwarsa a 2007 ya san kalmomi sama da 100, yana bambanta launuka, yana ƙirga abubuwa.

Wannan baiwa ce ta ja wa aku. Gidansa kurmi ne, inda yake cin 'ya'yan kwakwar manja, yana sheƙa a kogon dogon itace. Miji ɗaya mata ɗaya suke zama, ƙwai kaɗan a shekara, don haka abin da aka kwasa ba ya saurin mayuwa. Masu kamu a yankin Lobeke, can kudu maso gabashin Kamaru, kan shafe sanduna da danƙo, su ɗaure wani aku a kusa ya yi ta kururuwa. 'Yan'uwansa su sauko amsa kira, su manne. Wannan ne ya fi ci mini rai, a ce zumuncin tsuntsu ne ya zama tarkonsa. Daga nan sai a datse fukafukai, a cusa su cikin akwatunan katako, da yawa su mutu a hanya saboda ƙishi da cunkoso. Mushen ma ba ya faɗuwa banza, domin kai da jan gashin wutsiya suna da masu saye wajen 'yan tsibbu.

Filin jirgin Duwala, wanda ke dab da New Bell, ya daɗe yana zaman ƙofar fitar da su. A ƙarshen 2007 jami'an Ma'aikatar Gandun Daji, da taimakon ƙungiyar kare namun daji ta LAGA, sun tare aku fiye da 1,000 a wurin, aka kai su Cibiyar Namun Daji ta Limbe. Aikin da ake yi a Limbe na masu haƙuri ne. A wanke danƙo, a yi jinyar marasa lafiya, a jira sabon gashi ya tsiro, abin da kan ɗauki watanni. Sai an ga tsuntsu yana iya shawagi a babban keji sannan a mayar da shi kurmi. Wanda fiffikensa ya nakasa, zama ya same shi.

A 2016, a taron CITES, yarjejeniyar cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg, ƙasashen duniya suka haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasa da ƙasa, kuma dokar Kamaru ta hana kama shi. Ga Ghana dokar ta zo a makare, domin bincike ya nuna kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta sun ƙare tun daga 1992. Kamaru tana da saura. Sai dai dillalan ba su tuba ba, sun koma Facebook da WhatsApp, kuma har gobe akwai mai kuɗin da ke son aku a zaurensa, ba tare da ya tambayi guda nawa suka mutu kafin nasa ya iso ba.