Ba Kowane Kumburi A Ƙarƙashin Ƙwaƙwalwa Ne Ƙari Ba

'Yar'uwa mai jego, idan ciwon kai ya ƙi barinki, ruwan nono ya ƙi zuwa, ga kasala kamar an zare miki laka, kada ki ce wahalar jego ce kawai. Ballantana in da ma kina da ɗaya daga cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, kamar lupus ko kumburin tayirod na maƙogwaro.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, can bayan hanci, akwai wata 'yar halitta mai suna fituwitari. Ba ta wuce ƙwayar wake ba, amma ita ke sarrafa jinin al'ada da ruwan nono, ita ce kuma ke sa jiki ya samar da sinadarin kotisol mai riƙe bugun jini. Garkuwar jiki takan kai mata hari ta kumbura, galibi a ƙarshen ciki ko watannin farko bayan haihuwa. A 1962 ne likitoci biyu, Goudie da Pinkerton, suka fara bayyana cutar a Glasgow, jikin wata mata da ta rasu wata 14 bayan ta haihu.

Inda gizo ke saƙa shi ne, a hoton MRI wannan kumburi yakan yi kama da ƙari, kuma ƙarin ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Tarin fuka ma yakan kama wurin. Ƙari kan kai ga tiyata ta hanci, alhali kumburin garkuwa sau da yawa magani ke saɓe shi. Shi ya sa likita ba zai tsaya kan hoto ba. Zai auna jininki da safe, ya tura ki gwajin ido, domin jijiyoyin gani a saman halittar suka gitta, kuma gani ta gefe ne ke fara raguwa. Yawan ƙishirwa da fitsari dare da rana sun fi nuna kumburi. Wani lokacin sai an ɗebo ɗan nama an duba.

Ki zo da tsofaffin katunanki da duk magungunan da kike sha. Mata da yawa ba sa faɗin tsohuwar cuta sai an tambaya, suna ganin ba ruwanta da ciwon kai. Ki kuma faɗa idan kin zubar da jini sosai wajen haihuwa, don shi ma yana lalata fituwitari.

Idan an ɗora ki kan prednisolone ko hydrocortisone, kada ki daina da kanki. Amai, jiri ko suma, a kawo ki sashen gaggawa nan take, ko da tsakar dare ne.