Malesiya: Amanar Kwamfuta Tsakanin Jami'a Da Ɗalibanta

A cikin watan Oktoba na shekarar 2019, ɗalibai da ma'aikatan Jami'ar Malaya da ke birnin Kuala Lumpur sun tarar an yi kutse a shafin intanet ɗin da jami'ar ke karɓar kuɗaɗe ta kansa. A inda aka saba ganin hanyar biyan kuɗin makaranta, sai ga saƙon da ke neman shugaban jami'ar na wancan lokaci, Abdul Rahim Hashim, ya sauka daga kan muƙaminsa.

Lamarin ya faru ne a daidai lokacin da ake tsaka da taƙaddama a jami'ar, wadda ita ce mafi daɗewa a ƙasar Malesiya. Kwanaki kaɗan kafin haka, wani ɗalibi ya ɗaga kwali a kan dandamali yayin bikin yaye ɗalibai, yana zargin shugaban da furta kalaman ƙabilanci a wani taro kan martabar al'ummar Malay da aka gudanar a garin Shah Alam a farkon watan. Hukumar jami'ar ta kai ƙarar ɗalibin wurin 'yan sanda. Su kuwa waɗanda suka yi kutsen, ba su bayyana ko su wane ne ba.

Da farko jami'ar ta ce babu wasu bayanai da aka taɓa. To sai dai ba a jima ba, kafar labaran fasaha ta Lowyat ta ba da rahoton cewa an watsa bayanan albashin ma'aikatan jami'ar a intanet, haɗe da sunayensu da lambobin katin shaidarsu da na asusunsu na banki. Ma'aikacin da aka tona masa asirin aljihu bai halarci taron Shah Alam ba, bai kuma yi jawabi ba, amma shi ne aka bari da fargabar 'yan damfara. Wato dai an yi niyyar jifan mutum guda, dutsen ya faɗa kan dubban mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba.

Ƙasar Malesiya na daga cikin ƙasashen Asiya da suka riga sauran tanadar doka kan irin wannan aiki. A shekarar 1996 firayim minista Mahathir Mohamad ya ƙaddamar da shirin mayar da yankin da ke kudu da Kuala Lumpur cibiyar fasahar sadarwa, inda gwamnati ta yi wa masu zuba jari alƙawarin cewa ba za ta tace abin da ke intanet ba. Shekara guda bayan haka, a 1997, majalisar dokoki ta zartar da dokar laifuffukan kwamfuta, wadda ta fara aiki a shekara ta 2000.

A ƙarƙashin wannan doka, duk wanda ya shiga kwamfutar da ba a ba shi izini ba na iya fuskantar tarar da ta kai ringit 50,000 ko ɗaurin shekara 5, ko kuma a haɗa masa duka biyun. Wanda ya sauya abin da ke cikinta kuwa, hukuncinsa na iya kaiwa ringit 100,000 ko shekara 7. Sashen da ya fi shafar rayuwar ɗalibi ta yau da kullum shi ne na 6, wanda ya haramta miƙa kalmar sirri ga mutumin da ba a yarda a ba shi ba, bisa tarar da ta kai ringit 25,000 ko ɗaurin shekara 3. Dokar ba ta bambanta ɗan ƙasa da baƙo ba.

Wannan na da muhimmanci ga ɗaliban Najeriya da Nijar da ke karatu a ƙasar, ko a Jami'ar Malaya, ko a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da aka kafa a 1983, wadda babban mazauninta ke Gombak a gefen birnin. Da yawansu malaman jami'o'i ne da suka je neman digiri na biyu ko na uku. A al'adar da suka taso a cikinta, hana aboki aron abu rowa ce, don haka ba wuya mutum ya bai wa ɗan'uwansa lambarsa domin ya sauke wata maƙala daga ɗakin karatu, ko ya yi masa rajistar darasi. Ita kuwa na'ura ba ta san ara ba. Sunan da aka shiga da shi kawai take rubutawa, tare da rana da sa'a.

Tun daga shekarar 2012 wannan sakaci ya ƙara zama haɗari, bayan da aka saka sashe na 114A a cikin dokar shaida ta ƙasar. Sashen ya tanadi cewa idan aka wallafa wani abu da sunan mutum, ko ta layin intanet ɗin da aka yi rajista da sunansa, ko daga kwamfutar da ke hannunsa, za a ɗauka shi ne ya wallafa, har sai ya tabbatar da akasin haka. Ƙungiyoyin kare 'yancin faɗin albarkacin baki sun yi tir da shi, har ma shafuka da dama suka baƙanta fuskokinsu a ranar 14 ga watan Agusta na wannan shekara don nuna rashin amincewa. Akwai kuma sashe na 233 na dokar sadarwa ta 1998, wanda aka sha gurfanar da mutane a ƙarƙashinsa saboda abin da suka rubuta a Facebook da makamantansa, wanda kuma masu suka ke cewa ana amfani da shi wajen rufe bakin masu adawa.

Amma fa amana ba ta rataya a wuyan ɗalibi shi kaɗai ba. Kafin a ba shi gurbin karatu, sai ya miƙa wa jami'a sunansa da adireshinsa da lambar fasfonsa da sakamakon jarrabawarsa, ba tare da an ba shi zaɓi ba. A watan Janairun 2019, wato watanni tara kafin abin da ya faru a Jami'ar Malaya, an ba da rahoton fallasar bayanan ɗalibai fiye da miliyan 1 na Jami'ar Fasaha ta MARA, waɗanda suka yi rajista tsakanin 2000 da 2018. Dokar kare bayanan jama'a ta 2010 kuma ta taƙaita ne ga harkokin kasuwanci, ta kuma keɓe gwamnatin tarayya da na jihohi, abin da masana shari'a suka daɗe suna nuna damuwa a kai. Sai a gyaran da aka yi mata a 2024 ne aka wajabta wa waɗanda ta hau kansu sanar da hukuma idan aka sace bayanan da ke hannunsu.

Ga jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi, inda rajista da biyan kuɗi da duba sakamako ke ƙara komawa kan intanet, darasin a fili yake, domin Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Najeriya na da dokar laifuffukan intanet ta 2015 da kuma dokar kare bayanai ta 2023. Takardar ƙa'idojin da ake sa sabon ɗalibi ya amince da ita kan lissafa abin da aka hana shi: bayar da kalmar sirri, leƙa saƙon wani, satar rubutun wani, cin zarafin abokin karatu. Abin da ya dace a gani a cikin wannan takarda, kusa da sa hannun ɗalibi, shi ne alƙawarin ita jami'ar: wanda ke da izinin buɗe fayil ɗin ɗalibi, tsawon lokacin da za a ajiye shi, da kuma kwanakin da za a ɗauka kafin a sanar da shi idan ɓarawo ya shiga.